Sunan Da Inna Fatu Ba Ta Taɓa Kira Ba

Zariya, 4 ga Maris, 1977

Yaya Lawwali,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Iya da mutanen gida duka. Ya ciniki a bakin iyaka?

Na ji labarin Ma'u 'yar Baffa. An ce cikinta ya kumbura, ana cewa kwantaccen ciki ne ya tashi, alhali shekara uku ke nan da rasuwar mijinta. Yaya, ina jin tsoro ba ciki ba ne. Shekara tara ina bincike a kan ciwon dajin ƙwan mahaifa, kuma na ga yana bin wasu gidaje daga uwa zuwa 'ya. Mahaifiyarta Inna Fatu da kumburin ciki ta rasu. Ƙanwar Inna Fatu, Mariyamu ta Maraɗi, haka. Kakarsu ma an ce haka.

Ka kawo mini Ma'u asibiti cikin makon nan. Ka kuma tambayo mini sunayen sauran matan danginsu na tsallake da suka mutu da irin wannan ciwo, zan sa su a takardar zuri'ar da nake zanawa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Dakta Salmatu


Jibiya, 15 ga Maris, 1977

Salmatu,

Na samu takardarki. Gaisuwa kuma ki riƙe abarki.

Ke dai boko ya ci maki kai har kin manta ni ban iya karanta shi ba? Maharazu mai rubutun wasiƙa na kai wa, a tasha, ranar kasuwa. Kin san muryar Maharazu. Direbobin Fijo sun ji, masu tsallaka da man fetur sun ji, har wani ɗan duwan, kwastan na Nijar, da ya shigo shan shayi ya ji. Kafin la'asar labari ya kai Magama, washegari ya kai Maraɗi: wai matan gidan Baffa da ciwo ake haihuwarsu, kuma likitar gidan ce da kanta ta faɗa.

Ma'u kwana uku ba ta leƙo zaure ba. Ita da ke murna Allah ya bar mata abin tunawa da mijinta, har ta ɗinka 'yan riguna, ke kuma kin aiko mata da takardar mutuwa daga Zariya. Kin taɓa tallabar cikin kin ji, ko daga ofis kika hango?

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba kayan lissafinki ba ne. Ba inda Ma'u za ta. Wannan ma Maharazu ke rubutawa, ina so tasha ta ji amsata kamar yadda ta ji cin mutuncinki.

Lawwali


Zariya, 24 ga Maris, 1977

Yaya,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa.

Na yi kuskure da na manta da Maharazu, kuma raina ya ɓaci a kai. Ka ba Ma'u haƙuri. Amma tunda ka zaɓi tasha ta zama alƙalinmu, to tasha ta ji wannan: idan Ma'u ta mutu a ɗaki tana jiran haihuwar da babu ita, kai ka tsare ƙofa.

Ka iya tsallakar da buhun siminti ɗari ta gaban jandarma, amma ɗora mace guda a mota zuwa Zariya ya gagare ka? Abin da ke damunka bakin direbobi ne, ba ran Ma'u ba. Shekara talatin kana jin haushi an kai ni makaranta an bar ka a tasha. Ka huce a kaina, kada ka huce a kanta.

Kuma kada wani ya ce don kaina nake yi. Ni ba na cikin layin nan, ba jinina ba ne. Inna Fatu matar Baffa ce kawai a wurina, matar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. In na shiga ɗaki sai ta kau da kai, in ta aike ni sai ta ce "ke yarinyar nan". Duk da haka 'yarta nake so in ceta. Kowane mako da ya wuce, aikin da za a yi mata yana ƙara wuya.

Salmatu


Jibiya, 2 ga Afrilu, 1977

Salmatu,

Da hannuna na rubuta wannan da ajami, ba wanda ya ji. In ba ki manta karatun allo ba, ki karanta ke kaɗai.

Ma'u ba ta iya riƙe ko koko. Jiya ita da kanta ta naɗe 'yan rigunan ta ba maƙwabciya. Ran Asabar zan kawo ta. Ban yafe maki ba tukuna.

Takardar zuri'arki kuma akwai gyara. Ke da kika yi karatu har Ingila, wace uwa ce a ƙasar nan take kiran sunan 'yar farinta? Ranar da aka yaye ki, Inna Fatu ta goyo ki ta kawo wa Iya, don Iya maza kaɗai ta haifa. Ina da shekara bakwai, ina tsaye a wurin. Iya ta rantsar da mu, na riƙe shekara talatin da shida.

Ma'u ƙanwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ki sa sunanki ƙarƙashin na Inna Fatu. In mun iso, likitan da zai duba ta ya duba ki.

Yayanki, Lawwali