Inna, Matar da Ta Ɗauki Kukanki Ta Mutu

Zuwa ga mahaifiyata Inna Jumma, da ke kwance a maƙabartar Gangara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da neman albarka, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwancinki. Ni ce ɗiyarki Hawwa, daga Sae Sabuwa inda nake koyar da yara a lakol. Na san ko da kina raye ba za ki karanta wannan ba, sai dai a karanta miki, kuma da wuya ki yarda ni in zama mai karantawar. Na sa wasiƙar a shafina na intanet don waɗanda suka san fuskarki ba su san labarinki ba su gani.

Madam Odil ta mutu, Inna. Ran Talata na ji a rediyo ina gyaran wake. Sun ce babbar mai shirya fim ce ta Faransa, wadda ba ta taɓa yarda da ƙarya a gaban kamara ba. Da na buɗe waya, hoton da suka liƙa a jikin sanarwar ba nata ba ne, naki ne, kina zaune a bakin rijiya ba takalmi.

Kin tuna zuwanta. Doguwa ce, siririya, da farar riga ta maza da hular kaba da ta saya a kasuwar Agiye. Lokacin ba kowa ba ce. Ta faɗa mini ubanta mai gasa burodi ne a wani gari mai sanyi, ta yi shekaru tana yanka tana haɗa finafinan maza a ɗaki mai duhu, kuma biyun da ta yi da sunanta ba wanda ya je kallo. Ta gan ki ran kasuwar Gangara kina dama wa wani tsoho fura, ta tsaya tana kallon hannunki har kika tsargu. Aka nemi mai jin Faransanci, aka ce ga ɗiyarki da ta faɗi jarrabawar kolej tana zaune a ruga. Haka na zama bakinta a wurinki, na zama bakinki a wurinta.

Wata biyu tana tare da mu. Kin ba ta tabarmarki, kin koya mata tatsa, kin yi mata dariya ran da saniyarki Goɗi ta harbe ta ta faɗi cikin kashin shanu. Tana ce miki Inna, ke kuma kina ce mata Doguwa. Ba zan yi ƙarya ba, ina sonta a lokacin. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni me nake so in zama, ta kuma tsaya ta ji amsar.

Labarin fim ɗin nata na wata uwa ce da ke jiran ɗanta, kuma a ƙarshe sai uwar ta yi kuka. Kwana uku ana kafa kamara a bakin rijiya, kwana uku kina fashewa da dariya. Kika ce, “Gaya wa Doguwa shanuna sun ƙoshi, damina ta yi kyau, me zan yi wa kuka?”

A rana ta huɗu da hantsi ta ja ni bayan rumbu. Ta san Yaya Buba yana Arlit wajen neman aiki, ta san wata biyar ba mu ji daga gare shi ba, don ni na faɗa mata. Ta ce in je in gaya miki jandarma sun aiko daga Agiye, motar da ya shiga ta kife a hanya, bai fita ba. Na ce ba zan iya ba. Ta ce minti biyar kawai, sai mu gaya miki gaskiya, kuma ai ta yi mini alkawarin makarantar horon malamai a Maraɗi. Sau ɗaya na ƙi, Inna. Na daɗe ina gaya wa kaina na yi ta ƙi, amma sau ɗaya ne.

Ba ki yi irin kukan da take so ba. Kin sauke ƙwaryar nono a hankali, kin rufe ta da faifai kada ƙuda ya faɗa. Kin cire takalmanki kin jera su. Sannan kika zauna a ƙasa, kika kira sunansa. Ɗan farinki, wanda tun da kika haife shi bakinki bai taɓa furta sunansa ba, ko a ɗaki ke kaɗai. Sau uku kika kira shi a gaban maza baƙi, a gaban matan da suka zo ɗiban ruwa. Na yunƙura zan ruga wurinki, Madam ta ɗaga mini hannu ba ta ko waiwayo ba, ni kuma na tsaya. Ta wuce minti biyar ɗin nan nesa ba kusa ba.

Da ta gama ta durƙusa tana sumbatar hannunki, hawaye na zuba mata, tana cewa in gaya miki Buba na nan lafiya. Na gaya miki. Kika dube ni, kika ce, “Ita baƙuwa ce, ba ta san abin da ta sa na faɗa ba. Ke fa?” Kika ɗauki ƙwaryarki kika tafi kasuwa.

Wannan zaman naki shi ya yi Madam Odil. Daga shi ta fara karɓar kyaututtuka, daga shi aka fara kiranta ƙasa-ƙasa. Ta yi wasu finafinan a garuruwan da ban san su ba, amma duk hirar da za a yi da ita sai an tambaye ta matar bakin rijiya, ita kuma ta ce haƙuri ne, in ka zauna da mutane suna ba ka zuciyarsu. Ta cika mini alkawari. Na je Maraɗi, na fito malama. Duk tuwon da na ci daga ranar zuwa yau na san inda ya fito.

Yaya Buba ya dawo bayan kaka. Shekaru suka wuce kafin fim ɗin ya shigo wayoyin samari, sai ya zama in ya ratsa tashar Agiye ’yan kabu-kabu na kiran sunansa da muryarki suna dariya. Ya haƙura shekara guda, sannan ya kora shanunsa ya yi kudu. Sau biyu kika sake ganinsa.

Ba ki taɓa zagina ba, da kin zage ni da na fi samun sauƙi. Kin yi mini kayan ɗaki, kin zo wankan jegona, kin goya ’ya’yana. Amma in na ce miki an yi ruwa a Sae Sabuwa sai kin tambayi mijina. Ran da Baffa, mahaifina, ya cika a likitar Agiye ni ce a kansa, ni na rufe masa ido, ni na hau babur na zo gaya miki. Ina kuka ina faɗa, ke kuma kina leƙa bayana, kina duba gindin itacen bedi da bayan rumbu. Sai da kika aiki Kawu Jaɓɓo ya je ya gani da idonsa kafin ki cire ’yan kunnenki.

Da Madam ta tsufa, idonta ya fara mutuwa, ta nemo lambata ta kira. Ranar ina gida wurinki, kina tankaɗe. Ta ce ta daɗe tana son ta roƙe ki gafara, in sa miki wayar a kunne ko da ba za ki ji abin da take faɗi ba. Na gaya miki. Ba ki daina tankaɗen ba. Kika ce, “Gaya mata na mutu. Ki tsaya ki ji ko za ta yi kuka.”

Ko sau ɗayan ban ƙi ba. Na ce mata kin rasu da azumin bara, kuma ba ki bar mata saƙo ba. Ta yi kuka, Inna, irin na tsofaffi, mai shiƙewa. Na riƙe wayar ina kallonki har ta kashe. Kika ce, “Ta daɗe?” Na ce ta daɗe. Kika gyaɗa kai, kika ce in miƙo miki wancan faifan. Ina jin wannan ce kaɗai maganata da kika karɓa ba ki nemi shaida ba.

Kin ƙara shekara huɗu a duniya. A cikinsu Madam ta yi fim ɗinta na ƙarshe, tana jagorar ’yan wasa da kunne don ba ta ganin fuskokinsu, ta rubuta a farkonsa cewa don tunawa da marigayiya Jumma ta Gangara ne. Na nuna miki rubutun a waya, na karanta miki. Kika ce in duba ko ruwan alwalarki ya yi ɗumi.

Jiya ɗiyarta ta aiko mini saƙo. Suna haɗa littafi a kan rayuwar uwarta, tana son ta san ranar rasuwarki daidai, don uwarta ta sha cewa baƙin cikinta shi ne ta makara da wata bakwai. Na yini ina juya wayar a hannu, yara na ta surutu a aji ban tsawata musu ba. Da aka tashi na rubuta mata ranar gaskiya, da watan, da shekarar. Ban ƙara komai ba. Tana da hankali, za ta ƙirga. Har yanzu ba ta amsa ba.

Inna tawa, na yi kewarki. Na yi kewar ƙamshin man shanu a zanenki, da yadda kike tsefe mini kai kina ja ba tausayi, da Hausarki ta kasuwa da ke ce wa mace “kai”. Ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, don ina tsoron ki leƙa bayana. Yau na faɗa a gaban jama’a: ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baffa a inda ba mai kawo mugun labari. Allah Ya dawo mana da Yaya Buba lafiya. Ita kuma Doguwa, Shi Ya san abin da ke tsakaninku, ni na gama fassara.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Hawwa