Wasu Sun Riga Ƙanwarka Bugawa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. 'Yan biyu sun fara tafiya, babu abin da ya tsira a falo.

Ƙanwarka ta ɓoye maka abin da ya sami karatunta na digirin digirgir don kada hankalinka ya tashi. Yanzu ta ce ni mijinta in rubuto, wai na fi ta baki. Aikin nata, yadda ta fahimtar da ni, tsara hanyoyin motocin da ke kai magani asibitoci ne. Kwamfuta takan fara da kowane irin tsari, ta sauya kaɗan, in ya fi ta riƙe, ta sake sauyawa. Amma takan cije a wuri guda, ta ɗauka babu wanda ya fi wannan. Ƙanwarka ce ta samo dabarar zaburar da ita ta ci gaba da nema.

Tana shirin miƙa kundinta sai ta ga wasu masana a wata ƙasa sun buga kusan irin dabarar. Yaya, ban taɓa ganin ta haka ba. Tana zaune a kicin, tukunya na ƙonewa a gabanta, ko ƙauri ba ta ji ba. Ta ce shekarunta sun tafi a banza, gara ta koma koyarwa. Ni mai gyaran firiji me zan ce? Na dai raka ta ofishin malaminta.

Farfesan dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta abin da masanan suka buga, ya cire tabarau, ya ce ashe ba ita kaɗai ce mai irin wannan haukan ba. Ya ce ta rubuta musu, ta nemi a gwada dabarun biyu. Da ƙyar ta yarda, don tana tsoron ta sha ƙasa. Da aka gwada, tasu ta fi sauri in asibitocin kaɗan ne, tata kuwa ta fi in sun yi yawa. Haka ta rubuta, ba ta rage musu komai ba. Su da kansu suka nemi ta haɗa hannu da su.

Makon jiya ta kare kundin a gaban malamai, ta ci, sai 'yan gyare-gyare. Ta hana a kira ta Dakta sai ta gama su, amma Inna ta riga ta baza labari. Jiya maƙwabciyarmu ta zo da ciwon baya. Ƙanwarka ta yi bayanin ita ba likita ba ce har ta gaji, ƙarshe ta sa mayafi ta kai ta asibiti.

Ka gaida Anti, da Kawu, da Auta. Ƙanwarka na jiran kiranka, ta ce albarkarka take so ta fara ji.

Naka,
Baban 'Yan Biyu