Na Wuce Surukina da Gudu

Daren Talata, tsakiyar damina, Birnin Kudu

Barci ya ƙi zuwa. Tun da na sayi motar nan, tafiya ba ta ba ni wuya, rage gudu ne ya gagare ni. Malam Sale direba ya sha gaya mini: taka birki a hankali, taka kuloci, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa da na taka birki sai in manta da kulocin, motar ta yi ta fizga, ta mutu. Haka ta yi mini a tsakiyar kasuwar Gwaram, mutane suna tura ni suna dariya.

Yau ina dawowa ta Kiyako na hango Baba, mahaifin matata Hajara, zaune da dattawa a bakin hanya. Har hannu ya ɗaga mini. Ƙafata ta kai kan birki, sai dariyar Gwaram ta faɗo mini a rai. Na wuce surukina da gudu, har da fantsama musu taɓo! Ni da ko a keke nake, sai na sauka na durƙusa na gaishe shi.

Kafin magariba wan Hajara ya iso da saƙo. Wai Baba yana gaishe ni, yana kuma tambaya: motar ce ba ta san shi ba, ko mai ita?

Hajara ta ajiye mini tuwo. Gobe da sassafe zan koma Kiyako, kuma a keke zan je.