Saran da Kuka ta Haɗiye

Talata Mafara,
farkon bazara.

Zuwa ga aminina Barnabas,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Tabita da jikoki. Ya Zuru? Ya gwiwar nan taka da ta riga ka tsufa? Mu nan sai godiya.

Ko ka tuna da kukar mashigin rafi a hanyar Garbadu, wadda mutanen wurin ke sara wa alama duk shekarar da ruwa ya yi yawa, daidai inda ya tsaya? Yau shekara arba'in da ɗaya da muka je awo ni da kai, da hulunanmu na ma'aikata. Wata tsohuwa, Nagode, ta iske mu muna duba sara. Ta ce akwai wani can sama wanda kakanta ya yi yana tsaye cikin jirgi, amma kuka ta haɗiye shi, ɓawo ya rufe. Ka ce mata, "Iya, ko dai kifi ne ya sara?" Muka yi ta dariya. Daga baya na ji zancen a bakin wani masaƙi a Bakura, na kuma ji shi ga wani masunci a Maradun. Duk na ajiye shi kusa da labarin gizo da ƙoƙi. Muka ɗauki saran da ido ya gani, na zana kwalbati a kansa.

Sauran ka san shi, tun da ka zo gaisuwa. Daminar bara ruwa ya hau saman kwalbatin, ya ci rabinsa, ya tafi da babban yaron nan nawa da babur ɗinsa, da rana tsaka.

Yanzu ƙungiyar manoma za ta sake gini kafin ruwa ya sauka. Shugabansu, Alhaji Jibrin, ya ce a bi tsohon zanena, a ƙara ƙarfe kawai. Ɗiyata Zahra'u ce za ta zana a kwamfuta. Za ka ce yaushe ta iya? To, marigayi yayanta ya bar bidiyo ashirin da uku a intanet, da Hausa, yana koyar da manhajar da injiniyoyi ke zane da ita. Fuskarsa ba ta fitowa, sai allo da wata 'yar kibiya tana yawo, sai murya. Zahra'u ta gama makaranta da lissafi fal a ka, amma layi ɗaya ba ta iya ja a na'urar ba. Wata huɗu da bidiyon nan, ga ta tana juya gada a allo kamar waina, ka gan ta ta sama, ka gan ta ta ƙasa. Ta ce malami ne da ba ya tsaki, ko sau goma ta mai da shi baya. Mu da aka koya wa da rula a kan yatsu, sai kallo.

Amma Barnabas, muryar nan. Ranar farko ina zaure da hantsi na ji ta a tsakar gida: "To, ku danna nan." Wallahi sai da na miƙe tsaye. Uwarsa ta saki ludayi. Ran nan na je Bakura, shagon wani mai walda, na ji ta tana fita daga wayarsa. Yanzu da na ga Zahra'u ta buɗe kwamfuta, sai in ɗauki sandata in nufi majalisa.

Ta matsa mini in kalli darasi na tara. Na ce idona ba ya son hasken abin.

Ka gai da Tabita ƙwarai.

Naka,
Balarabe.

*

Talata Mafara,
ranar Laraba.

Aminina Barnabas,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, takardarka ta iso. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi.

Ka ce kada in ɗora wa kaina, kwana ne ya ƙare. Haka ne, na yi imani da ƙaddara. Sai dai fensirin a hannuna yake ranar.

Zahra'u ta gama zane, kuma ta ɗaga kwalbatin mita ɗaya da rabi sama da nawa. Alhaji Jibrin ya duba takardar a kife, ya juya ta, ya ce, "Malam Balarabe, yau kuma ƙwai ne ke koya wa kaza?" Ya ce ƙarin tsawon nan aikin mako uku ne, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Manoma sun ce ranar Juma'a bayan masallaci in faɗi kalma ɗaya, ita za a bi. Nawa ko nata.

Na tambaye ta ina ta samo lambar. Ta ce darasi na tara. Na ce ta gaya mini da bakinta. Ta sunkuyar da kai ta ce ba maganarta ba ce. Da na juya zan fita sai ta ce, "Baba, ba ni da kai za mu bi ta kansa ba. Matan Garbadu ne da goyo, ranar kasuwa." Ba ta taɓa yi mini magana a bayana ba sai ran nan.

Ba zan ɓoye maka ba, idona lafiyarsa lau. Tsoro nake ji.

Naka,
Balarabe.

*

Talata Mafara,
ranar Asabar.

Barnabas,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya.

Na kalla. Ranar Alhamis da safe na zauna a tabarma, Zahra'u ta kunna ta fita.

Ashe kwalbatinmu yaron nan ya ɗauka ya yi misali da shi. Kibiyar nan ta ja rafin, ta ja hanya, ta zo za ta ja layin ruwa sai ta tsaya. Ya ce, "Ku saurara. Kwamfuta ba ta san rafi ba, abin da ka ba ta shi take zanawa. In ka ba ta ƙarya, za ta zana maka ita tsaf, har da launi." Sai ya ba da labarin Nagode, kamar yadda na ba shi yana ƙarami, har da kifinka. Ya ce ya hau kukar da tsani, ya shafa, ya same shi. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ban gaya wa tsohon ba tukuna. Kun san mu da iyaye. Ina jiran ranar da zan iske shi cikin raha."

Daidai nan, can bayan muryarsa, wani ya yi tari, ya ce a miƙo masa buta. Ni ne, Barnabas. Bango ɗaya ke tsakaninmu. Mako biyu kafin ruwan.

Na mai da shi baya sau huɗu. Bai yi tsaki ba.

Da azahar muka je da tsani. Zahra'u ta ce ita za ta hau, na ce shekara arba'in yana jirana. Da ido ba ka ganin komai. Amma da na sa tafin hannu na bi ɓawon a hankali, sai na ji shi: tabo a kwance, tsawon gatari, ya kumbura kamar tsohuwar shasshawa. Na daɗe a sama har ta fara kira.

Jiya bayan masallaci na tsaya gaban manoma na ce zanena na dā kuskure ne, nata za a bi. Alhaji Jibrin ya ce, to mako ukun fa? Na ce ya zo ya hau tsanin. Bai hau ba. Gobe za a fara haƙa.

Yanzu in ta kunna ba na fita. Ina darasi na biyu. Na iya jan layi, sai dai hannuna na neman rula.

Ka gai da Tabita da yara. Ka sa mu a addu'a ruwa ya ɗan jira.

Naka har kullum,
Balarabe.

Ƙari: Ka san ɗan fari ne, shekara talatin da huɗu bakina bai taɓa faɗin sunansa ba. Ko a maƙabarta "yaron nan" na ce. To, in an tambaye ka wa ya ba Balarabe labarin saran kuka, ka ce Nagode ta ba shi, ya yi dariya. Masaƙi ya ba shi, masunci ya ba shi, bai ji ba. Wanda ya gaya masa na ƙarshe, wata tara bayan an rufe shi, sunansa Lukman.