Gurbin Saratu a Sashen Shari'a

Laraba da dare, Jega

Mutane na cewa guraben jami'a da ake ware wa jihohin da aka bari baya a boko sun saɓa wa doka. Ba su saɓa ba. Don irin Saratu aka yi su, ɗiyar manomi daga Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, ɗalibata shekara uku.

Yau ta zo. Ba sunanta a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka a sashen shari'a, sai na ɗan wani babba da ya samo takardar ɗan asalin Maiyama, alhali bai taɓa taka garin ba.

"Malam, mi ya rage ban yi ba?"

Har yanzu raina na tafasa. Gobe za mu rubuta wa hukumar jami'a koke tare. Su kira yaron nan, su tambaye shi sunan mai unguwarsu, mu ji!