Kafin Motar Darazo Ta Zo

Ƙofar Wambai, ranar Litinin

Zuwa ga mijina, Malam Badruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kuma kana cin abincin kirki, ba shayi da burodi kullum ba. Ni da Auwalu lafiya lau. Ya yi kumatu, kuma duk wanda ya ɗauke shi sai ya ce goshinka ne.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Goggo Fatu ce ta ƙwace wayata. Shekaranjiya ta dafa mini ruwan wankan jego tana ta kirana, ni kuwa ina tsakiyar karanta wani labari, daidai inda saurayin ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar gidan su yarinyar. Kafin in fito ruwa ya huce. Ta jefa wayar ƙasan akwatinta, ta ce sai na yi arba'in. Allah ya saka wa Folake, maƙwabciyarmu ta Gwallameji, da alheri, ita ta ce tunda kullum ta nan take bi zuwa shagon ɗinkinta a Gwallaga, za ta riƙa kai mana saƙo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Goggo ta ce idan na yi arba'in ba Gwallameji zan koma ba. Darazo za ta tafi da mu, sai yaro ya fara rarrafe. Ka san yayar Baba ce, ba mai iya musa mata a gidan nan. Na ce, "Goggo, mijina fa?" Ta ce, "Wane miji? Wanda tun ranar suna bai wuce zaure ba? In yana son iyalinsa, ya shigo ya faɗa mini da bakinsa."

Don Allah ka zo. Ina kewar ɗakina da labulena mai furanni, har da kukan injin niƙan bayan gidanmu. Kuma in za ka ba ni amsa, ka rubuta mini wani abu mai daɗi irin na littafi. Kai fa malamin Turanci ne, kalmomi ba su yi maka kaɗan ba.

Taka har kullum,
Mas'uda

*

Gwallameji, ranar Laraba

Zuwa ga Mas'uda,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sami takardarki, na kuma fahimci abin da ke ciki. Ki gaishe mini da Baba da Inna da Goggo gaisuwar girmamawa.

Da na karanta zancen ruwan wanka sai na tuna wata kalma da na koya wa 'yan ajina, ebullient. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā. Asalinta ruwan da ya tafasa har yana tumbatsa daga bakin tukunya. Turawa suka ɗauka suka ba mutumin da fara'a ta cika shi har ba ya iya riƙe ta. Na ba yara misali da wata da na sani, ban faɗi suna ba.

Kin nemi abu mai daɗi. Akwai wata kalma da ko Turawan ba kowa ya san ta ba, desiderium. Ma'anarta begen abin da ka saba da shi ka wayi gari babu. Wasu masana na cewa tushenta kalmar tauraro ce, kamar mutum ya ɗaga kai ya nemi tauraron da ya saba gani a wurinsa bai gan shi ba. Ba a tabbatar ba, amma ni na fi son wannan bayanin. Ina ganin ta dace da yanayin gidan nan.

Batun Darazo, na yi ta juya shi a raina. Wannan ma akwai sunansa, ruminate, daga yadda saniya ke kwanciya tana tuƙa abin da ta riga ta haɗiye. Na yanke shawarar tura Baffa Yero. Babba ne, ya san yadda ake magana da manya.

Tukunyar da kika bari a kan risho ta ɗan ƙone. Ba sosai ba.

Wassalam,
Badruddeen

*

Ƙofar Wambai, ranar Lahadi

Malam,

Salama da gaisuwa. Ka lura ban ce mai tarin yawa ba.

Kalmar tauraron nan ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina ta maimaita ta a raina lokacin da Goggo ke fyaɗa mini ganyen darbejiya da ruwan zafi, har na manta da zafin. Na ga kaina a wani gida mai bene, kai kana ƙasa kana kallon sama. To amma tauraro ba ya hana mota tashi.

Baffa Yero ya zo jiya. Ya zauna, aka kawo masa fura. Suka yi hirar damina, suka yi hirar ciwon ƙafar shanu, suka gano cewa kakarsa da kakar Goggo 'yan ruga ɗaya ne. Ina bayan labule ina jira ya kawo maganar. Da Goggo ta gaji ta ce, "Yero, da saƙo ka zo?" Ya ce, "A'a, yaron nan dai ya ce in zo in gaishe ku." Ta ce, "To Darazo zan tafi da su." Ka san abin da baffanka ya ce? Ya ce, "Madalla! Can akwai nono mai kyau, yaro zai yi ƙwari." Har ya yi alkawarin aiko mana da man shanu.

Malam, ashe shi ma kunyarsa ka ji, ba ka gaya masa abin da ka aike shi ba?

Tunda kalmomi muke yi, ga tawa. Ka tuna karen gidan su Folake da kaza ta kora har ƙarƙashin mota? Ka yi dariya ka ce shi ne pusillanimous, ka ce kalmomin Latin biyu aka haɗa, ɗaya ɗan ƙanƙani, ɗaya zuciya. Ka ga ina sauraronka ko da ka ɗauka littafi nake karantawa. Ban ce kai ne ba. Na dai tuna da karen.

Ɗan Goggo zai zo da mota ranar Asabar. Ta riga ta fara ɗaure kaya, har kwandon wankan yaro. Ni ba na son ɗanmu ya fara dariya kana wani gari, in zo ina ba ka labari.

Matarka, wadda ke fushi kaɗan,
Mas'uda

*

Gwallameji, ranar Talata

Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Kin faɗi kalmar daidai, kuma kin rubuta ta daidai. Da a aji ne da kin ci maki duka.

Gaskiya ne, ban gaya wa Baffa ba. Na buɗe baki in ce a dawo mini da matata, sai na ji kamar in nutse. A gidan da na tashi ban taɓa jin mahaifina ya kira sunan mahaifiyata ba. In yana nemanta sai ya yi gyaran murya. In ya hango surukarsa a hanya sai ya sake hanya. Haka na ga ana yi, karatu bai cire mini ba.

Jiya na hau keke Napep har ƙofar gidanku. Na sauka, na ji muryar Goggo tana faɗa da mai gawayi, sai na tsinci kaina ina tambayar mai keken ko zai koma Gwallameji. Ya dube ni ya ce, "Malam, mantuwa ka yi?" Na ce eh.

A ɗakin malamai kuma Lazarus, mai koyar da tarihi, ya sa ni gaba. Ya ga na sa wa yara jarrabawa na rubuta kwanan watan arba'in ɗinki a allo maimakon na ranar. Ya ce, "Mutumina, kai uxorious ne." Ni na koya masa kalmar, yau ya rama da ita. Daga uxor take, wato matar aure, kuma ana faɗa wa mijin da son matarsa ya yi masa yawa har ya zama abin tsokana. Na tashi zan musa, sai na ga ba ni da hujja.

Zan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zan shiga. Ki yi mini addu'a, kuma don Allah kada ki tsaya inda zan gan ki.

Naki,
Badruddeen

*

Ƙofar Wambai, Juma'a da la'asar

Mijina abin alfaharina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da ƙari a kai. Folake na zaune tana jira in gama, don ta ce ta gan ka a bakin titi kana tafiya kamar wanda aka kora daga aiki. Tsaya ka ji abin da ba ka gani ba.

Ina bayan ƙofa tun da ka yi sallama. Na ga ka durƙusa tun daga bakin rijiya. Na ji ka gaishe da Goggo, ka sake gaishe ta, ka tambayi gajiya, ka tambayi mutanen Darazo ɗaya bayan ɗaya. Da ka fara cewa, "Goggo, a harshen Rumawa akwai wata kalma," wallahi sai da na toshe bakina da zanin goyo. Ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, Rumawa kuma ba su ba ni ajiya ba. Me ka zo nema?" Kazar Inna ta zo ta wuce ta gabanka. Sannan ka ce, "Mas'uda." Ta ce, "Ban ji ba, kunnen ya tsufa." Ƙarya take, Goggo tana jin motsin ɓera a ɗaki na uku. Ka ɗaga murya ka ce, "Mas'uda nake so a ba ni, Goggo. Gidan ba ya zaunuwa."

Na karanta littattafai da yawa. Na ga wanda ya zo da mota mai sheƙi, na ga wanda ya yi waƙa a ƙarƙashin taga. Ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan ba, ga ka nan gumi ya jiƙa maka hula.

Na san da ta ce, "Na ji, tashi ka tafi," ka ɗauka ta ƙi ne. Kana fita ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, tana kwaikwayon muryarka. Can kuma sai ta daina dariyar. Ta ce mini lokacin da ta haifi ɗanta na fari aka kai ta gida, kullum tana sauraron sallamar mijinta, shi kuma kunya ta hana shi zuwa. Sai da yaro ya fara tafiya aka mayar da ita, da yaron ya ga ubansa ya fashe da kuka don bai san shi ba. Ta ce, "Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ban taɓa sanin ko ya yi kewata ba. Ke ga shi kin sani." Ta goge ido ta ce in tashi in kwance kayana daga cikin nata.

Da farko ta ce gobe za ta bi motar ita kaɗai da kayanta, daga baya ta ce a'a, ta fasa, sai ta miƙa ni gare ka da hannunta tukuna. Don haka ka zo ranar Lahadi da hantsi. Ka wanke tukunyar nan, in kuma ta wuce wanki ka gaya mini gaskiya tun yanzu.

Taka,
Mas'uda

*

Gwallameji, ranar Asabar

Mas'uda,

Salam. Alhamdu lillahi. Na karanta takardar a tsaye, na sake karantawa a zaune. Lazarus zai kawo mu a motarsa. Na share ko'ina, na wanke labule.

Tambaya ɗaya. Tunda an riga an gama magana, gobe zan iya jira a zaure ku fito?

Badruddeen

*

Malam,

Salam. Na tambayi Goggo. Ta ce har tsakar gida za ka shigo, kuma kai za ka ɗauko yaron a gaban kowa ka kai shi mota. Ka zo da hula biyu.

Mas'uda