Fayil ɗin Auta da Aka Danne a Ɗakin Karatu

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Ɗakunan Karatu na Jama'a
Daga: Mahaifin marigayiya Auta, direban bas mai ritaya
Kwanan wata: 19 ga Maris

Game da: Salwantar fayil ɗin 'yata a tsohuwar kwamfutar ɗakin karatu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. 'Yata, wadda muke kira Auta, ta koyi rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutar nan mai baƙin allo da ke bayan kantar jaridu, wadda ba ta da linzamin nuni (mouse), sai dai a buga mata umarni. Ta rubuta 'yar manhaja ta adana da suna GIDA. Idan aka ɗauko fayil ɗin aka tayar da shi, sai ya zana gidan da ta ce za ta gina mana, layi bayan layi, har da rumfar da zan riƙa shan iska. Allah ya yi mata rasuwa ranar 6 ga Nuwamba.

2. Ita ta koya mini buga umarnin, da yatsa ɗaya, tana yi mini dariya. Tun rasuwarta nake zuwa in kalli zanen har ya kammala. Mahaifiyarta ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce sai zuciyarta ta yi ƙwari.

3. Ranar 2 ga Fabrairu na roƙi mai kula da ɗakin ya kwafe mini fayil ɗin. Ya ce an daina samun faifan irin wannan inji, in yi haƙuri.

4. Ranar 11 ga Maris ma'aikacin gyara ya zo duba injin. Ya rubuta layin gwaji, ya adana da sunan da ya fara gani, wato GIDA. Injin ba ya tambaya kafin ya danne tsohon fayil da sabo. Washegari na zo da mahaifiyarta, ta ci ado. Na buga umarnin, allon ya nuna kalmar gwaji kawai. Ta zaci ni ne na manta yadda ake yi. Na bar ta a haka.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Na ji ana shirin miƙa injin ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ina roƙon a dakatar da hakan, kada a ƙara adana komai a cikinsa, kuma a ba ƙwararre dama ya gwada ceto abin da ya rage. Idan ya gagara, a sanar da ni a rubuce, in kai wa mahaifiyar Auta takardar ta karanta da kanta, domin bakina ya kasa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mahaifin Auta